Ciyawar da Na Bari a Gonar Baba

Abin da zan rubuta a nan ya faru ne a daminar ƙarshe ta karatun digirina na biyu, wanda ban kammala ba. Na dogara da abin da na gani da idona, da abin da Inna mahaifiyata ta faɗa mini daga baya, da kuma ɗan abin da Yaya, babban wana, ya yarda ya faɗa. Inda ban halarta ba zan ce ban halarta ba. Ban sa shekara ko rana ba, domin na gwada daidaita su na kasa. Inna da watan Musulunci take tunawa, Yaya da ranakun kasuwa, ni kuma da kalandar ofis, kuma lissafin namu bai haɗu ba. Maganganun da na sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ba zan rantse a kan kalmomin ba. Sunan jami'ar da sunayen mutane na bar su, domin ba ƙarar kowa nake kaiwa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Ɗanbatta. Babu daji a wajenmu. Daga ƙofar gidanmu har ƙauyen da ke gaba gona ce ke haɗe da gona, iyakarsu layin gamba ne ko 'yan bishiyoyin lalle. Ba a hutar da ƙasa, domin babu wata da za a koma. Da rani ake kwashe takin gida a kai gona a mangala, da damina kuma ko ciyawar da aka nome ba ta zama a banza, ɗaukarta ake yi a kai wa awaki. Babbar gonar Baba tana bakin hanyar da mutanen ƙauyukan arewa ke bi zuwa kasuwa da masallacin Juma'a. Duk wanda ya wuce sai ya gan ta.

Na karanta aikin gona a digiri na farko. Bayan hidimar ƙasa na zauna a gida har sai da zaman ya fara yi mini nauyi, sannan na samu aiki a gonar gwaji ta wata jami'a, a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Ni ne mai awon filaye, mai kafa turaku, mai kula da ɗakin iri, mai riƙe wa malamai da ɗalibai sikeli. Albashin bai kai a yi maganarsa ba. Abin da ya ja ni shi ne wata dama da jami'ar ke bai wa ma'aikatanta. Wanda aka tabbatar da shi a aiki yana iya yin digiri na biyu ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba, a bisa sharuɗɗa: ya ci gaba da aikinsa yana karatun, ya gama a cikin wa'adin da aka ɗibar masa, ya kuma yi wa jami'ar hidima na wasu shekaru bayan haka. Sau ɗaya ake ba mutum wannan dama. Na karanta sharuɗɗan da kyau kafin in sa hannu. Ba zan ce an ɓoye mini komai ba.

Ranar da na yi wa Baba bayani yana zaure yana tufkar igiya. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

“Wato su ba ka aiki, su biya ka, su kuma koya maka karatu kyauta?”

“Haka ne, Baba.”

“Su kuma me za su samu?”

“Aikina, Baba. Kafin karatun da bayansa.”

“To, ka shiga gandunsu ke nan,” in ji shi. “Mai gandu biyu ba ya yi wa kowa noma. Ka je ka riƙe nasu da amana, namu ni da yayanka mun isa.”

Da wannan maganar ya sallame ni daga noman gida. Ban taɓa jin Yaya ya yi ƙorafi a kai ba, ko da yake duk ƙarshen wata buhun da nake ɗauka in tafi da shi birni daga rumbun da ya cika yake fitowa.

Shekarar farko ta tafi a aji. Da safe ina gonar gwaji, da rana in wanke ƙafa in shiga lacca tare da mutanen da awa guda da ta wuce nake riƙe musu igiyar awo. Wasu sukan manta a cikin aji su aike ni. Ban damu ba. Malamin da aka haɗa ni da shi domin duba bincikena, wanda zan riƙa kira Dakta, mutum ne mai tsanani a kan aiki amma ba mai wulaƙanci ba. Shi ya zaɓa mini abin da zan bincika: yadda lokacin noman ciyawa ke shafar amfanin gero. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana raba fili gida-gida, a shuka iri ɗaya a rana ɗaya. Wasu gidajen a nome su sau ɗaya, wasu sau biyu, wasu a makara kafin a nome su. Wasu kuma ba a taɓa su ko kaɗan, daga shuka har girbi. Waɗannan na ƙarshe su ne ma'auni, domin da su ake gane abin da noman ya ƙara. Da kaka sai a yanke ciyawar kowane gida a auna, a girbe geronsa a auna. Kuma sashenmu ba ya karɓar sakamakon damina ɗaya. Sai an maimaita gwajin a damina ta biyu.

Damina ta farko na yi ta a gonar jami'a, kuma ta yi kyau. Ta biyun ita ce ta ƙarshe a cikin wa'adina. Ana cikin bazara, hadari ya fara haɗowa, sai aka shiga yajin aiki. Aka rufe azuzuwa, aka kulle taraktoci, babu wanda zai sa hannu a ba ɗalibi fili ko iri. Na je gidan Dakta na same shi yana ba shukokinsa ruwa.

“Ruwan sama ba ya cikin ƙungiya,” ya ce da ni. “Ba zai jira mu ba. In aka dawo za a matse kalanda a ce shekara ta cika, kai kuma ba ka da abin da za ka gabatar. Kuna da gona a gida?”

Na ce muna da ita.

“To ka kai gwajin can. Zan rubuta cewa ni na amince. Amma ka ji ni da kyau, gidajen da ba a nomewa, ko kaza kada ta yi tono a cikinsu.”

Na roƙi Baba ya ba ni wani yanki na gonarsa. Ya ba ni gefen da ya fi kyau, wanda ke fuskantar hanya, domin a ganinsa aikin jami'a ba abin ɓoyewa ba ne. Na yi masa bayanin tsarin a gaban Yaya. Na zana gidajen a ƙasa da tsinke. Da na zo kan waɗanda ba za a nome ba, Yaya ya yi dariya.

“Wannan ai ba sai an je jami'a ba. Ka tambaye ni in faɗa maka. Gonar da ba a nome ba ba ta yin gero.”

“Na sani, Yaya. Nawa take rasawa, shi ake so a auna.”

“Duka take rasawa.”

Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce da ni, “Har girbi?” Na ce har girbi. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, “Allah ya ba da sa'a.” Ina da yaƙinin na gaya masa a wannan zaman cewa wannan ce daminata ta ƙarshe, kuma in ta lalace karatun ya tafi. Yaya ya ce shi bai ji wannan maganar ba. Na rubuta duka biyun kamar yadda suke.

Muka yi shuka bayan ruwa ya kama ƙasa sosai. Na kafa turaku, na shafa wa kawunansu fenti, ja ga gidajen da ba a taɓawa. Makonnin farko babu wanda ya lura da komai, domin kowace gona tsiro ne da 'yar ciyawa. Sai da aka gama noman farko a ko'ina, gonaki suka yi fes, sannan nawa gidajen suka fito fili. Harkiya ta fara rufe su, gogamasu ya biyo, ƙarangiya da tafasa suka cika sauran wurin. Kafin a yi maimai, wato noma na biyu, geron da ke cikinsu ya yi rawaya ya tsaya, ciyawa ta kamo shi. Daga kan hanya abin da ake gani shi ne gonar Baba da tabo-tabo, kamar kan da makero ya ci.

Matar Yaya, wadda tun zuwanta gidan muke wasa da ita kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin mijinta, ita ta fara.

“Malamin ciyawa, an tashi lafiya? Ya 'ya'yan naka? Jiya na leƙa su, wallahi sun yi tsawo, Allah ya raya.”

“Amin. Ki dai hana awakinki zuwa gaishe su.”

“Awakina suna kuka da yunwa, abinci yana tsaye a gona an sa masa jan fenti. In ka gama digirin, ciyawar za a naɗa wa rawani ko kai?”

Wannan wasa ne, kuma ina ramawa. Na waje ne ba wasa ba. Matan da ke yankan ciyawa sukan tsaya a bakin gonar da lauje, in ba su haƙuri, su tafi suna waiwaye. Wani mutum da ba shi da gona ya zo har zaure ya roƙi Baba aron wurin, tunda, a cewarsa, ya ga kamar ya fi ƙarfin gidan. A majalisar ƙofar masallaci, in Baba ya iso sai a canja hira. Bai taɓa faɗa mini haka ba, ni na gani.

Sai wuta-wuta, ciyawar nan mai shanye gero, ta fito a gidajen masu jan fenti, ta fara fure. Maƙwabcin gonarmu ta gabas, dattijo ne sa'an Baba, ya tare ni a kan iyaka.

“Ɗana, karatunka naka ne, ban shiga ba. Amma abin nan in ya zubar da iri, bai san gonar babanka daga tawa ba. Shekara nawa na yi ina yaƙi da shi.”

Na ce masa gaskiyarsa ce. Na yi alkawarin zan ƙirga ta, in cire kawunan kafin su yi iri, in ƙone. Ya ce, “Ka faɗa wa iska haka,” ya tafi. Na cika alkawarin gwargwadon iyawata, amma wuta-wuta ba ta fure rana ɗaya. Yau ka cire, jibi wata ta buɗe.

Ana cikin haka aka kira ni daga wurin aiki. Yajin aiki bai hana shanun gonar gwaji cin abinci ba, kuma ɗakin iri yana bukatar mai dubawa, saboda haka ƙananan ma'aikata muke karɓa-karɓa. Juyina ya zo. Ba zan iya ƙin zuwa ba, domin wanda ya bar bakin aikinsa ya fita daga cikin masu karatu kyauta. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na duba turaku, na yi wa Yaya magiya, na yi sallama da Baba, na hau mota. Na yi kusan mako biyu a can.

Abin da ya faru a bayana daga bakin Inna na ji shi. Wani tsohon abokin Baba daga wajen Ɗanbatta, wanda suka yi fataucin gyaɗa tare tun suna samari, ya biyo hanyar a kan keke zai je kasuwa. Ya san gonar. Da ya ga halin da take ciki bai ƙarasa kasuwar ba, ya juyo ya nufi gidanmu. A wajenmu gona ba ta zama haka a tsakiyar damina sai in mai ita ya rasu ko yana kwance ba ya iya tashi, kuma 'ya'yansa sun watse. Ya jingine kekensa, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya tambayi wanda ya fito ko yaushe abin ya faru, kuma me ya sa ba a aika masa ba. Inna ta ce tana jin sa daga tsakar gida yana cewa, “Allah ya jiƙansa, mutumin kirki.” Sai ga Baba ya fito daga ciki da butarsa a hannu.

Inna ta ce baƙon ya yi ta salati, sannan suka yi dariya su biyun, har da tafawa. Aka kawo masa fura ya sha. Amma kafin ya tafi labarin ya zaga gari, kuma da yamma a ƙofar masallaci wani ya ce da Baba, “Malam, ashe an dawo? Ya mutanen can?” Aka yi dariya. Inna ta ce ranar Baba bai ci tuwo ba.

Na dawo ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na sauka a bakin titi na kama hanyar ƙafa. Da na iso inda gonarmu take sai na wuce ta, domin idona yana neman tabon nan ne bai gan shi ba. Sai da na ga bishiyar kukar da ke kusurwarta a bayana, sannan na tsaya na dawo.

An nome ta tas, daga wannan iyaka zuwa waccan. An yi mata huɗa mai kyau, irin ta hannun Baba, ƙasa ta rufe gindin kowane gero. Gidajen da aka tsara nomewa sau ɗaya, da na sau biyu, da waɗanda ba a taɓawa, duk sun zama gona guda. Babu turke ko ɗaya. Ciyawar da zan yanka in auna da kaka an kwashe, ko tarinta babu a gefe. A can tsakiya, inda ba a hangowa daga hanya, an bar layi guda da ciyawarsa tsaye. Na shiga na zauna kusa da shi. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Na sami Baba a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi shanun jami'a. Turakuna suna jingine a kusurwa, an ɗaure su dami guda da igiyar da shi ya tufka, an juya masu fentin sama.

“Na sa an adana maka su,” ya ce, “kada gara ta ci. Kayan hukuma ne.”

“Na gode, Baba.”

“Ka biya ta gonar?”

“Na biya.”

“Na bar maka layi guda a tsakiya. Malaman naka in sun zo sai ka nuna musu. Duk irin ciyawar da ke sauran akwai ta a ciki, na duba.”

Akwai abubuwa da yawa da zan iya faɗa a lokacin, kuma na yi ta jera su a raina tun daga ranar. A gidanmu ɗa ba ya tuhumar mahaifinsa, kuma ko da ana yi, ban san ta inda zan fara ba. Na ce, “To, Baba.” Na tashi na shiga ciki. Matar Yaya tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, ta dubi fuskata, ta mayar da kanta kan rariya.

Yaya ya gaya mini daga baya cewa bayan sallar asuba Baba ya ɗauki fartanya bai ce da kowa komai ba. Shi ya bi shi domin ba zai bar tsoho ya yi noma shi kaɗai a bakin hanya ba. Maƙwabcin gabas ya hango su ya zo da 'ya'yansa. Kafin hantsi ya yi zafi wasu ma sun shigo, abin ya zama kamar gayya, har Inna ta dama kunu ta aika. Na tambaye shi me ya sa bai kira ni a waya ba. Ya ce, “In kira ka ka ce mene? Ka hana shi?”

Na koma birni na sami Dakta. Ya saurara, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

“Inna lillahi. Duka?”

“Sai layi ɗaya, ranka ya daɗe.”

“Layi ɗaya ba gwaji ba ne, kai ma ka sani.” Ya mayar da tabaransa. “Ni ma ɗan manomi ne. Da na yi tunani da na ce ka kai shi bayan gona. Amma ba zan iya sa hannu a kan damina ɗaya ba, ko na sa, kwamiti zai dawo da shi.”

Bayan an janye yajin aikin abin da ya faɗa ne ya faru. Aka matse kalanda, aka ce shekarar ta cika. Dakta ya rubuta ya nema mini ƙarin wa'adi, makarantar manyan digiri ta amince. Na ɗauki amincewar na kai ofishin ma'aikata da murnata. Jami'in da ke wurin ya karanta, ya miƙo mini, ya yi mini bayani cikin ladabi cewa ƙarin wa'adi na karatu ne, amma karatu kyauta ba ya bin ƙarin wa'adi. Daga yanzu ni ɗalibi ne kamar kowa, zan biya kamar kowa. Na ce masa yajin aiki ne ya fitar da ni daga gonar jami'a. Ya ce ya fahimta, amma ƙa'idar ba ta ambaci yajin aiki ba. Na koma na sake karanta ta. Gaskiyarsa ce, ba ta ambata ba.

Kuɗin makarantar ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. A gida babu abin sayarwa sai gona da awaki, kuma ban kai maganar can ba.

Wani abokin aikina, wanda muke kwana ɗaki ɗaya a bayan ɗakin iri, ya ga na rame ya zaunar da ni.

“Kai fa matsalarka ba ta kai yadda ka ɗauke ta ba. Kana da alƙaluman bara?”

“Ina da su.”

“To ka ɗan ɗaga wannan, ka ɗan sauke wancan, ka ce na bana ne. Ka je ka ce wa Dakta ka sake dubawa, ashe rabin filin ya tsira. Wa zai hau mota ya je ƙauyenku ya ƙirga ciyawa? Ciyawar ma awaki sun cinye shaidar.”

“Ban auna ba.”

“Malam sikeli! Yayanka bai auna ba ya faɗa maka amsar tun ranar farko. Ƙarya za ka yi wa wa? Gero?”

Na zauna da alƙaluman bara wata rana da la'asar, da fensir a hannuna. Na san inda na bana za su nufa da an bar su, kuma mai yiwuwa da na rubuta da ban yi nisa da gaskiya ba. Na kasa. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, domin ban tabbata ba. Akwai tsoron ranar kare bincike, a tambaye ni abin da ban gani ba muryata ta tona ni. Akwai kuma wani abu a halina tun ina yaro, ba na iya rubuta lambar da ban karanta a jikin ma'auni ba, hannuna ne yake ƙi. Ban ɗauki wannan abin yabo ba. Abokin nawa ya gama nasa digirin bara, yana koyarwa yanzu, kuma ban san yadda ya yi nasa gwajin ba, ban kuma zarge shi da komai ba.

Gonar Baba ta yi gero a wannan shekarar, har da gefen da na lalata da ciyawa ya ɗan farfaɗo. Aka ɗaure shi aka zuba a rumbu tare da sauran. Daga cikinsa aka auna mini buhun da na tafi da shi birni, na ci har ya ƙare.

Na nemi a dakatar mini da karatun na shekara guda ko zan tara wani abu, aka dakatar. Shekarar ta wuce ban tara ba, rajistata ta faɗi. Sharaɗin yi wa jami'a hidima kuwa bai faɗi ba, domin na ci shekarun karatun ko da ban fita da takarda ba. Saboda haka ina nan a gonar gwaji. Duk bazara sababbin ɗalibai suna zuwa, in auna musu fili, in kafa musu turaku. Wasu suna tambayata ko gaskiya ne na taɓa fara digiri na biyu, in ce gaskiya ne. Ba na iya barin aikin, ba na iya ci gaba a cikinsa, kuma gida an riga an saba noma ba tare da ni ba.

Baba yana nan da ransa. Idonsa ya yi rauni, ya daina zuwa gona sai dai a kai shi ya zauna a inuwa. Ina zuwa gida duk bayan 'yan makonni, in gaishe shi, mu yi maganar ruwa da farashin taki. Ya taɓa tambayata sau ɗaya yaushe za a ba ni takardar. Na ce sai a hankali. Bai sake tambaya ba, kuma ban san yadda zan fassara wannan shirun ba.

Abin da ke hannuna maganganu biyu ne, kuma sun saɓa. Yaya ya ce a gona, da suka iso tsakiya, Baba ya tsayar da masu noma ya ce, “Ku bar masa wannan. Abin da malaman ke son gani ke nan, ba sai an ɓata gona duka ba.” Ya ce da gaske ya faɗa, kamar mai ganin ya raba gardama kowa ya samu. Inna kuwa ta ce da yammacin ranar da baƙon nan ya zo, Baba yana wasa fartanya a kan dutse, ta tambaye shi abin da zai yi, ta tuna masa da ni. Ta ce bai ɗago ba ya amsa mata, “Na sani. Zai ji zafi.” Na tambaye ta ko ya ƙara wani abu, ta ce in ya ƙara ita ba ta ji ba, domin ta koma kan tukunya.

Na auna maganganun nan biyu ta kowace fuska, sun ƙi zama abu ɗaya. Wanda zai raba su yana zaune a zaure, kuma ba zan iya tambayarsa ba. Ranar da Baba ya ɗauki fartanya ya nufi gonar nan, ya san karatuna ne zai ƙare a wurin, ko bai sani ba?